Littattafan Baba Tara

Kafin in miƙa makullin shago
na kwance igiyar da Baba ya ɗaure littattafansa tara.
Gara ta ci gefen na farko.
Sauran suna warin tawada da ƙaiƙayin gero.

Kullum rediyo na ƙirga abin da ke shigo mana,
buhu nawa, jirgi nawa, wa ya tausaya wa Chadi.
Ba wanda ya taɓa zuwa Kasuwar Gero ya tambayi Baba
nawa ke fita,
alhali shi ya rubuta, shekara talatin da ɗaya,
da biro shuɗi, in ya ƙare, da ja.

Ga Barmo mai wankin hula, mutumin Mirriya:
jaka uku duk wata, ga uwarsa,
ta hannun direban da ke bi ta Ngigmi.
Shekarar da aka karya sefa
ukun ta koma ɗaya da rabi.
A gefe Baba ya sa:
"Ya ce a ce mata yana nan lafiya."

Littafi na huɗu ya fi kowanne ƙiba.
Mai ne ya ɓullo a kudu,
Injamena ta cika da baƙin hannu:
masu walda daga Garwa, birkiloli daga Marwa,
Tasalla mai tuwo ta rufa ɗakin mahaifinta a Mubi
da kwano bandir biyu, ba ta taɓa kwana a ƙarƙashinsa ba.
Layi yakan kai bakin masallaci.
Rubutun Baba a nan gudu yake,
lambobi na hawa kan juna kamar awaki a mota.

Sai shafi biyu fari fat.
Kwanakin da harsashi ya hana kasuwa ci ke nan,
muka tsallake gadar Ngeli da tabarmi a ka.
Layin farko bayan farin:
Barmo, jaka biyu.
Ban san inda ya samo hular wankewa ba
a garin da kowa ke ta kansa.

Da mai ya faɗi aka yanke albashi,
ma'aikaci bai ɗinka riga ba,
tela bai sayi nama ba,
uwar tela a Yarwa ta ji a tukunyarta
ba tare da ta san sunan Doba ba.
Littafi na bakwai siriri ne, ya yi shekara biyar bai cika ba.

Na bi Barmo da yatsa, shafi bayan shafi.
"Ga uwarsa" ya daina fitowa a wata damina.
Ya koma "ga matarsa",
ya koma "ga Rakiya, makarantar ungozoma, Damagaram".
Hular da ya wanke ba ta kansa ba ce,
ƙasar da ya wanke ta a ciki ma ba mai ƙoshi ba,
amma kogin Shari bai taɓa cewa
sai ya cika zai bar tulu ya nitse ba.

A na tara akwai layi ɗaya da bai da gida.
Baba ya juya littafin ya rubuta shi a bango:
"Daga Rakiya zuwa ga Barmo, jaka ashirin, na magani."
Bayansa babu Barmo.

Na ɗauki na'ura zan haɗa jimla,
na tsaya a littafi na uku, la'asar ta yi.
Wanda zai karɓi shagon cajar waya zai sayar.

Ina ɗaure igiya wani yaro mai shayi ya leƙo,
jaka biyar a dunƙule, za ta Niyala.
Na nuna masa lema can tsallaken titi,
na ce minti ɗaya ta isa, waya ce.
Ya juya, ya sāke dawowa.
Ya ce, "Su ma suna rubuta saƙo a gefe?"